A ina ake sa gargaɗin haɗari a littafin amfani da na'ura?

Tambaya: Ina rubuta littafin amfani da wata na'urar lantarki mai ɗauke da manyan kafasito (sassan da ke adana wutar lantarki). An ce in tara duk gargaɗin a shafin farko. Hakan ya wadatar?

Amsa: Bai wadatar ba. Mai gyara ba ya karanta littafi daga bango zuwa bango, shafin da yake buƙata kawai yake buɗewa. Shafin farko na gargaɗin da ya shafi na'urar baki ɗaya ne. Wanda ya shafi wani mataki kuwa, ka sa shi daf da matakin, kafinsa. Wanda ya riga ya cire murfi ya sa hannu, gargaɗin da ke ƙasa bai yi masa rana ba.

Ƙa'idar ANSI Z535.6 ta Amurka ta bambanta matakan gargaɗi da kalma da launi. HAƊARI da ja, inda mutuwa ko mummunan rauni zai auku tabbas in ba a kauce ba. GARGAƊI da ruwan lemo, inda zai iya aukuwa. HATTARA da rawaya, don ƙaramin rauni. SANARWA da shuɗi, don ɓarnar kaya kaɗai, kuma ba a sa mata alamar jan hankali mai kusurwa uku da ake sa wa sauran ukun.

Kowane gargaɗi ya faɗi mene ne haɗarin, daga ina yake, abin da zai jawo, da yadda za a kauce masa. "A yi hankali da wuta" bai gaya wa kowa abin yi ba. Ga yadda ya kamata: "GARGAƊI. Kafasito na riƙe da wuta bayan an kashe na'ura. Taɓa su na iya kisa. Cire wuta, jira minti 5, auna da mitar gwada wuta ka tabbatar babu sauran wuta, sannan ka cire murfin." Wannan minti 5 misali ne. Adadin gaskiya daga gwajin injiniyoyin na'urar za ka samo shi, kada ka ƙiyasta, domin lokacin zubar wutar ya danganta da girman kafasito da abin da ke sauke ta.

Kada kuma ka manna HAƊARI a kowane shafi don kare kamfani. In ya yi yawa ido ya saba, sai mai karatu ya tsallake wanda zai ceci ransa. Kuma in ka ga haɗarin da kariya ko sauya ƙira za su iya kawarwa, mayar wa injiniyoyi, domin ƙa'idar ISO 12100 ta ƙasa da ƙasa kan kariya daga haɗarin injuna ta sa gargaɗi a mataki na ƙarshe, bayan gyaran ƙira da sanya kariya.