Zan iya kai aya bikin Fallas na Balensiya in sayar a bakin titi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Maraɗi, aya nake saye ina tarawa. Wani mai haɗa tafiye-tafiye ya ce zai samo mini bizar Sifaniya in je birnin Balensiya lokacin bikinsu na watan Maris. Wai mutanen can kunun aya suke sha kamar ruwa, kuma a kwanakin bikin hukuma ba ta hana kowa baza kaya. Ya ce in haɗa da kilishi da rigunan ƙwallo. Na ba shi kafin alƙalami, cikon kuma sai na jinginar da gona. Raina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka jinginar da gonar nan, kada kuma ka ƙara masa ko dala.

Maganar aya gaskiya ya faɗa. Mutanen Balensiya suna noma ta a gonakin Alboraya da ke arewa da birnin, suna yin kununta da suke kira orchata, kuma abin da suke nomawa ba ya isarsu, shi ya sa kamfanoninsu ke sayo ta daga Nijar da Mali da Burkina Faso. Amma orchata da sanyinta ake sha, cinikinta na lokacin zafi ne, daga Yuni zuwa Satumba. A Maris abin da jama'a ke layi a kansa shi ne buñuelos, wani soyayyen ƙulli na kabewa da ake tsomawa a cakulan mai zafi. Ba kuma wanda zai tsaya ya sayi tiyar ɗanyar aya a titi ya je gida ya jiƙa.

Yanzu ga abin da ke ƙona mini rai, don kusan kullum sai an kawo mini shi: wai ranar biki gari a buɗe yake. Wa ya fara yaɗa wannan magana? Babu kwanakin da hukumar birnin ke sa ido kamar na Fallas. Daga 1 zuwa 19 ga Maris, kullum ƙarfe 2 na rana ana harba tartsatsin wuta mai ƙara a dandalin gidan magajin gari, dubban mutane a cunkushe. Daga 15 ga wata a kafa mutum-mutumai sama da 700, manya da na yara, a mararrabar tituna. Ranakun 17 da 18 ana jerin gwanon kai furanni, daren 19 a banka wa mutum-mutuman nan wuta a tsakanin gidaje, 'yan kwana-kwana na tsaye da mesa. Garin da ke wasa da albarushi da wuta haka, kana jin zai bar kowa ya shimfiɗa tabarma a hanyar da motar asibiti za ta bi? 'Yan sanda ƙaro su ake yi. Duk rumfar suya da ka gani a hoto, an nemi izininta watanni kafin bikin, an auna mata wuri, an ƙayyade mata kwanaki, masu duba tsabtar abinci kuma suna zagawa.

Haka dokar take ko babu biki. Babbar kasuwarsu, Mercado Central, da aka kammala a 1928, kowace rumfa da mai riƙe da ita a rubuce. Kasuwannin unguwa da ke ci mako-mako, har da ta gwanjo ta ranar Lahadi, sai mai takardar zama da izinin aiki, wanda ya yi rajistar sana'a, yana biyan haraji da kuɗin inshorar ma'aikata, sannan ya nemi gurbi. Bizar da za a ba ka ta ziyara ce, kwana 90 cikin 180, kuma ba ta halatta maka sayar da ko allura ba. Kuɗinta na hukuma yuro 90 ne, ban da ladan ofishin karɓar takardu. Kwatanta da abin da mutuminka ya yanka maka.

Na san abin da zai ce: ai ga 'yan Afirka nan suna baza jakunkuna da takalma a kan zane. Suna nan, yawancinsu 'yan Senegal. Ka lura da igiyoyin da ke ɗaure a kusurwa huɗu na zanen? Don in an hango ɗan sanda a fizge a ruga ne. Rayuwar wanda ba shi da mafita ce, bai kamata mai gona da jari ya biya kuɗi ya shige ta ba. Rigunan ƙwallon da ya ce ka haɗa kuwa su ne mafi haɗari. In na jabu ne masu tambarin kulob, tun gyaran dokar laifuka na 2015 hukuncin tallarsu a titi ɗaurin wata 6 ne zuwa shekara 2, ko da yake alƙali na iya sassautawa zuwa tara. Tabon da ke shiga takardar mutum ya fi tarar ciwo, don neman izinin zama a Sifaniya sai da shaidar rashin laifi. Wanda aka kora kuma ana iya hana shi shiga ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya da Sifaniya ke cikinsu, har shekara 5. Masu haɗa tafiyar nan sun san duk wannan sarai. Sun karɓi kuɗinsu a Maraɗi ko Kano, wayarsu kuma ba ta shiga ranar da aka kama mutum.

Kilishi ko filin jirgi ba zai wuce ba. Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da madara a kayansa daga ƙasashenmu, busasshe ko ɗanye. Ayar ma sai da takardar lafiyar tsirrai.

Aya da kwantena take shiga Balensiya, ta tashar jiragen ruwanta. Mai saye zai nemi samfuri, ya kai ɗakin gwaji a duba danshi da ragowar maganin ƙwari da gubar funfuna da ake kira aflatoksin, sannan a yi maganar farashi. Kuɗin da za ka ba wancan mutum, ka sa su a wurin shanya mai tsabta da rairaya da buhuna masu kyau, ka haɗa kai da masu fitar da kaya da ke da rajista ta cibiyar 'yan kasuwa. In kana son ganin masu saye ido da ido, akwai baje-kolin abinci na Alimentaria a Barsalona duk shekara biyu, da Fruit Attraction a Madrid wajen watan Oktoba. Can da bizar kasuwanci ake zuwa, a nuna samfuri a karɓi adireshi, ba a ciniki da tiya.

Kafin alƙalamin da ka bayar, je ka da shaidu biyu ka nemi abinka. In ya yi gardama, ce ya nuna maka takardar izinin rumfa daga hukumar birnin Balensiya mai ɗauke da sunanka da lambar fasfonka.