Tambaya da Amsa: Ƙananan Tsuntsayen Bakin Kogi Masu Kama da Juna

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Argungu, kuma tun da ruwa ya fara janyewa nake ganin wasu ƙananan tsuntsaye a kan yashin bakin kogi da gefen gonakin shinkafa. Bayansu ruwan ƙasa ne, cikinsu fari, sukan sheƙa da gudu su tsaya cak, su tsinci abu, su sake sheƙawa. Wasu suna da baƙin layi a wuya, wasu babu. Ɗalibaina sun ce duk iri ɗaya ne, maza da mata. Shin haka ne?
Daga wani mai karatu, Argungu

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba iri ɗaya ba ne, kuma ɗalibanka ba su yi laifi ba, domin ko waɗanda suka daɗe suna nazarin tsuntsaye sukan dakata kafin su yanke hukunci a kan waɗannan. Gudun nan da tsayawa ya nuna cewa 'yan uwan zakaran ƙeƙuwa ne, sai dai ƙanana, kuma da ido suke farautar ƙwari da tsutsa. Iri uku ne aka fi sa ran gani a fadamun Kebbi da rani, biyu baƙi ne da ke zuwa daga Turai da arewacin Asiya wajen Satumba ko Oktoba su koma wajen Maris ko Afrilu, ɗaya kuma ɗan gida ne.

Shawarata ita ce ka daina dogara da layin wuyan, tunda baƙin biyu duk suna da shi, kuma a watannin da suke wurinmu yakan dushe ya koma ruwan ƙasa. Ido za ka fara duba. Ƙaramin cikinsu, wanda masana suka daɗe suna kira Charadrius dubius, tsawonsa kusan santimita 15 ne, kuma yana da siririn zobe rawaya da ya kewaye idonsa, wanda ake gani sarai da madubin hangen nesa idan rana tana bayan mai kallo. Ƙafafunsa ba su da haske, bakinsa baƙi ne siriri. Babban, Charadrius hiaticula, yakan kai santimita 19, ya fi ƙiba da faɗin ƙirji, ba shi da wannan zobe mai haske, ƙafafunsa kuwa ruwan goro ne, sannan akwai farin layi bayyananne a bayan idonsa.

Sai dai a fili abin bai cika zuwa da sauƙi haka ba. Tsuntsun da ya wuni a cikin taɓon gonar shinkafa ƙafarsa ta laka ce, ba za ka ga launinta ba, kuma zoben idon waɗanda aka ƙyanƙyashe a shekarar yakan yi dishi-dishi. Girman ma ba ya taimakawa sai idan sun tsaya kusa da juna. A nan ne haƙuri yake biya: ka zauna ka jira har tsuntsun ya tashi da kansa, ka sa ido a kan fiffikensa. Tsakanin baƙin biyu, idan ka ga farin layi ya ratsa fiffiken daga gindi zuwa wajen ƙarshe, to babban ne. Idan kuwa fiffiken ruwan ƙasa ne gaba ɗaya, ƙaramin ne. A ganina babu alamar da ta kai wannan tabbaci, domin laka ba ta ɓoye ta, kuma ba ta canzawa da lokaci ko shekaru. Kukan da yake yi yayin tashi yana ƙara tabbatarwa, na ƙaramin gajere ne yana sauka ƙasa, na babban kuwa gaɓa biyu ne masu taushi da ke hawa sama.

Waɗanda ka ce ba su da layin wuya, mai yiwuwa ɗan gidan ne, wanda masana suka daɗe suna kira Charadrius pecuarius. Ƙirjinsa ruwan ƙasa ne mai haske, ƙafafunsa dogaye masu duhu, kuma farin layin da ke saman idonsa yana zagayawa ya haɗu a ƙeya, da baƙin layi a ƙarƙashinsa kamar an ja masa kwalli. Ya fi son busasshiyar laka da gajeriyar ciyawa inda shanu suka yi kiwo, ko da ɗan nesa da ruwa. A ƙasa yake yin ƙwai, yawanci biyu, kuma idan ya hango mutum yakan tura yashi da ƙafa ya rufe su kafin ya gudu, don haka idan kuka ga yana wannan shure-shuren, ku ja da baya ku lura da inda kuke taka ƙafa.

Ina roƙon ka da ka hana yara jifan su ko korar su don a ga fiffike, musamman a Maris, lokacin da baƙin suke tara kitsen da za su ƙetare Sahara da shi. Abin da ya fi amfani shi ne kowane ɗalibi ya riƙe littafi ya rubuta wata, wuri, launin ido da ƙafa, da abin da ya gani a fiffike. Watan yana da muhimmanci, domin da damina da wuya ka tarar da baƙin biyu a Argungu.