Ramukan da Omar Yaghi ke ginawa

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa aka ba Omar Yaghi kyautar Nobel ta 2025 a fannin kimiyyar sinadarai tare da Susumu Kitagawa da Richard Robson. Ka san yadda gawayi ke shanye wari? Ƙananan ramukan jikinsa ne ke riƙe iskar. To shi Yaghi, haifaffen Amman, babban birnin Jordan, a 1965, gina ramukan yake yi da gangan, yana ɗaure ƙwayoyin ƙarfe da sinadaran kabon kamar saƙar raga. A 1999 ya fito da wani sinadari mai irin waɗannan ramuka da ake kira MOF-5. A ido gari ne kawai, amma da za a shimfiɗa bangon ramukan giram biyu-uku, sai su rufe filin ƙwallo. Ni dai abin da ya fi burge ni, yaron da ya tashi inda ruwan famfo ke zuwa jefi-jefi, shi ne ya yi amfani da irin waɗannan ramuka ya tatso ruwa daga iskar hamadar Arizona ta Amurka.