Gyaran tsohuwar mota ko sayen wata?

Ka tambaya ko ya fi dacewa ka gyara tsohuwar motarka da ta fara shan baƙin mai tana fitar da hayaƙi, ko ka sayar da ita ka ci bashi ka sayi wata. Shawarata ita ce ka gyara ta. A wannan yanayi na matsin tattalin arziki, kuɗin sauya ringi (zobban cikin inji da ke hana baƙin mai shiga inda fetur ke ƙonewa) da gyaran kan inji bai kai ko kusa da abin da za ka cika don sayen wata mota ba, kuma wadda za ka sayo ta hannu tana iya zuwa da nata matsalolin da ba ka sani ba, alhali taka ka riga ka san halinta.

Sharaɗi ɗaya ne zan gindaya maka: kafin ka kashe ko sisi, ka sa makaniki mai amana ya ɗaga motar ya duba ƙarƙashinta. Daga abin da na gani a shekarun da na yi ina riƙe tsofaffin motoci, inji da giya da lagireto duk ana gyara su ko a sauya su, amma idan tsatsa ta ci ƙarfen da ke ɗauke da jikin motar, ko ya lanƙwashe sakamakon haɗari, faci ba ya mayar da ƙarfinsa yadda yake, kuma rayuwarka da ta iyalinka ce a ciki. Idan ƙarfen yana nan lafiya, ka sa a auna matsin injin, wato ƙarfin da yake matse iska da shi, kafin a buɗe shi, don a gano inda matsalar take, domin hayaƙi shuɗi yakan nuna ringi ko robobin bawul ne suka cinye.