Amsa ga ƙanena mai son aikin injin sassaƙa ƙarfe a Jamus

Salamu alaikum ƙanena. Na ga saƙonka. Ka ce shekara shida ke nan kana kan injin sassaƙa ƙarfe na hannu, kana tambaya ko wannan ya isa ka samu aiki a Jamus. Ana neman masu sana'ar, babu shakka, musamman a jihohin Baden-Württemberg da Bavariya. Amma abin da za a gwada ka da shi awo ne.

A makona na farko a wurin aiki a nan aka ba ni zanen wani sandan ƙarfe, kuskuren da aka yarda da shi bai wuce kashi 1 cikin 100 na milimita ba, silin gashi ma ya fi shi kauri nesa ba kusa ba. Na gama, na auna, ya yi cif. Ogana ya ɗora bayan hannunsa a kai, ya ce in ajiye ya huce. Da ya huce na sake aunawa, ashe ya tsuke ya fita daga ƙa'ida. Ƙarfe yana buɗewa in ya ɗau zafi, shi ya sa ake awon ƙarshe a digiri 20. Har yau ina tuna wannan ranar.

Don haka ka dage da karanta zane da riƙe maikromita, wato na'urar awon kaurin ƙarfe, ka kuma nemi inda za ka taɓa injin CNC, wato wanda kwamfuta ke sarrafawa, ko mai tsarin kamfanin Fanuc ko na Siemens. Hannunka ba zai tafi a banza ba, wanda ya saba jin kukan ƙarfe da kunne yana gane wuƙa ta dakushe kafin kwamfuta ta yi ƙorafi.

Sai batun takarda, nan ne da yawa ke tuntuɓe. In a wajen maigida ka koya, ba shaidar da gwamnati ta amince da ita, katin Chancenkarte, wato izinin shiga Jamus neman aiki da aka fara a Yunin 2024, ba zai samu ba, don yana buƙatar horon aƙalla shekara biyu mai takarda ko digiri. In kana da ita, ofishin IHK FOSA da ke Nuremberg, mai duba takardun sana'a na ƙasashen waje, shi ne ke tantance ta. In babu, ni dai shawarata ka nemi gurbin koyon sana'ar, a nan sunanta Zerspanungsmechaniker. Shekara uku da rabi ne, ana biyanka kana koyo, amma sai Jamusancinka ya kai matakin B1, wato matsakaicin mataki.

Don Allah kada ka ba wani dillali kuɗi da sunan zai samo maka gurbi, kamfanonin kai tsaye ake rubuta musu. Turo mini hoton takardun da ke hannunka in duba.