Amsa ga ɗan'uwan da albashi ke ƙare masa kafin ƙarshen wata

Ɗan'uwa, ka ce kana Tawa da iyali, kuma kafin 20 ga wata aljihu ya bushe. A ganina saye da tiya-tiya ne ke cin kuɗinka. Hatsi yana araha da kaka, wajen Oktoba da Nuwamba, sannan ya yi ta tashi har tsakiyar damina lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. In kana da hali, ka sayi buhun gero ko biyu tun da kaka, ka ɗora kan katako a ɗaki marar danshi. Shinkafa da mai ma ka saye su ranar da albashi ya shigo, kafin masu neman rance su ji labari.

Kuɗin cefane kuwa, ku zauna da uwargida ku yanke na mako, ka danƙa mata gaba ɗaya. Ita ta san kasuwa fiye da kai.

Ajiya a gida ba ta daɗewa, don haka ina ba ka shawarar adashe da mutanen da ka yarda da su. Uwargida kuma ta nemi ƙungiyar Mata Masu Dubara, wadda ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a yankin Maraɗi a 1991. Suna zubi kowane mako, suna ba juna rance daga asusun. Ko jaka ɗaya ce a mako, ku riƙe ta. Ka roƙi kwasarka ta adashe ta faɗo dab da shigar lakwal a Oktoba, ko kafin babbar Sallah saboda rago.