Amsa ga mai son koyon ɗaga tayar gaban babur

Ƙanena, ka tambaya daga Aboabo yadda za ka fara ɗaga tayar gaban ƙaramin babur ɗinka, wanda a nan Kumasi muke kira moto. Kafin hannunka ya koyi wasa da totur, wajibi ne ƙafarka ta dama ta saba da birkin baya, domin shi ne yake sauko da tayar gaba idan babur ya nemi kifewa da kai ta baya. Ka nemi fili mai shimfiɗe wanda ba shi da tsakuwa ko jama'a, ka sa giyar farko kana tafiya a hankali, ka matsa baya a kan kujera, sannan ka kama kulochi, ka ƙara wuta kaɗan, ka sake shi da sauri. A makonnin farko, tayar ta tashi taƙi ɗaya ma ya isa. Na taɓa ganin yaro ya zame hannu riƙe da totur, babur ya kuɓuce, kwalta ta kwashe masa fatar gwiwa har fari ya bayyana. Saboda haka ka sa hular kwano, wadda dokar hanya ta 2004 ta wajabta a Gana, da safar hannu da takalmi rufaffe, kuma kada ka gwada wannan a titin Asawase, inda yara 'yan makaranta da masu talla suke tsallakawa.